Abin da Gero Ke Yi Idan Ya Yi Ciki

A ƙasar Madarunfa, daga Jiratawa zuwa Gabi da Ɗan Isa, idan gero ya nuna aka kwantar da kara, akwai aiki guda da manomin kirki ba ya bar wa ƴan ƙwadago. Kafin a ɗaure dami, shi da kansa zai tsuguna gaban tarin zangarniyoyi yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada tsawonta da kamun hannunsa. Ya matse ta a tafinsa ya ji ko ƙwaya ta cika ta yi tauri. Ya bi ta da ido daga gindi har baki, ko ta kama duka ko ta bar wani wuri fanko, ko tsutsar murzuna ta zagaye ta da sawunta. Sai ya murza da babban yatsa, ƙwaya biyu ko uku su faɗo, ya ga girmansu da launinsu. Wadda ta kwanta masa a rai sai ya aje ta a gefe. Waɗannan su ne iri. Daban ake ɗaure su, daban ake aje su a rumbu, kuma gidan da ya kai ga sussuka su don tuwo, to yunwa ta riga ta kai inda ta kai.

Wanda bai san gero ba zai ce ai abin babu wuya: shuka mafi kyau, girbi mafi kyau. Da haka ne, da tuni an gama magana. Amma duk wanda ya taɓa shuka ƙwayoyin zangarniya guda a wuri guda ya ga abin da ke fitowa. Wani dogo, wani gajere. Wani ya riga ƴan uwansa fid da kai da mako guda, wani ya yi ta ƴaƴa a gindi, wani kuma zangarniyarsa ko kusa ba ta kama ƙafar uwar ba. Shi ya sa gwanin zaɓen iri ba ya dogara ga zangarniya ɗaya komai kyanta. Yana tara da yawa, daga sassa daban-daban na gona, kuma ba ya gajiya da maimaita wannan aiki kowace kaka. A ganina, cikin duk sana'o'in noma babu wanda ake yi wa rowar yabo kamar wannan mutum.

Dalilin wannan bambanci na farko a fili yake ga mai lura. Zangarniyar gero idan ta fito daga cikin ganye, ɓangaren mace ne ke fara bayyana, wasu ƴan siraran gashi farare masu laushi da ke farawa daga sama suna gangarowa. Sai bayan kwana biyu ko uku bununi ke fitowa, wato ɓangaren namiji mai ɗauke da ƙurar barbara. Kafin nan iska ta riga ta kawo ƙura daga wasu zangarniyoyin, na gonar ko na maƙwabci. Ke nan manomi ya san uwar irinsa, amma bai san uban ba, kuma ƙwayoyin zangarniya guda suna iya zama ƴaƴan ubanni da yawa. Wake da dawa ba haka suke ba, galibi kansu suke yi wa barbara.

Dalili na biyu shi ne wanda ido ba ya gani, kuma ya riga ya faru tun kafin zangarniya ta leƙo, a kwanakin da manoma ke cewa gero ya yi ciki.

Kowace ƙwayar halitta a jikin gero tana ɗauke da kuromosom 14, wato dogayen zaren DNA da aka naɗe, inda gadon tsiron yake a rubuce. Bakwai daga uwa suka zo, bakwai daga uba, kowanne da takwaransa. Ƙurar barbara da ƙwan mace kuwa bakwai-bakwai ya kamata su ɗauka, don idan sun haɗu lissafi ya koma 14. Rabuwar da ke mayar da 14 zuwa bakwai ita masana ke kira mayosis. Ko da a ce kuromosom ɗin za su rabu ne kawai yadda suke, a ɗauki na uwa a nan, na uba a can, tsiro guda zai iya fitar da haɗi iri 128. Wake mai tagwaye 11 zai fitar da 2,048. To amma ba su rabuwa yadda suke. Kafin su rabu sai an karya su.

Wani furotin ne mai suna SPO11 ke wannan aiki. Yana bin kuromosom yana datse DNA gaba ɗaya, igiyoyinta biyu, a wurare masu yawa, da gangan. Wannan shi ne mafi munin raunin da ƙwayar halitta ke iya samu, irin wanda burbushin nukiliya ke haddasawa, amma ga tsiro yana yi wa kansa a daidai lokacin da yake shirin miƙa gado ga ƴaƴansa. A 1997 aka tabbatar da aikin SPO11 a jikin yis, a 2001 kuma masana a Versailles ta ƙasar Faransa suka nuna shi a tsirrai, ta hanyar wata ƴar ciyawa mai suna Arabidopsis da ake yawan gwaji da ita. A wannan ciyawa ana samun karaya wajen 200 a rabuwa guda. A masara sun kai wajen 500. Yawancin abin da aka sani game da waɗannan furotin daga yis da Arabidopsis da shinkafa da masara aka koyo shi, amma dangi ɗaya ne ke aikin a duk tsirrai masu fure, har da mu ƴan Adam.

Da zarar an karya sai gyara ya biyo baya. Wasu furotin uku da ke tafiya tare, MRE11 da RAD50 da NBS1, su ne ke fara isa. Su cire SPO11 daga bakin karayar, a fara zaftare igiya ɗaya, a bar ɗayar a miƙe ita kaɗai. Sai RAD51 da DMC1 su lulluɓe wannan igiya, da taimakon BRCA2, wanda likitoci suka sani domin lalacewarsa a jikin mutum na jawo kansar mama. Su ne ke ɗaukar bakin da ya karye su shiga nema, cikin gadon da a gero ya kai harafi wajen biliyan 1.8, har su gano daidai wurin da ya yi kama da shi a jikin takwaran kuromosom ɗin. A nan za a kwafo abin da ya ɓata a cike giɓin.

A ɗauka mutum ya gaji littafi guda rubutun hannu har kwafi biyu, ɗaya daga wajen mahaifinsa, ɗaya daga dangin mahaifiyarsa. Littafin ɗaya ne, amma marubutan sun ɗan saɓa a wasu kalmomi. Idan shafi ya yage a ɗaya, sai a buɗe ɗayan a daidai shafin a kwafo. Yawanci a nan abin ke ƙarewa, kowane littafi ya koma jakarsa. Amma jefi-jefi, wajen mayar da warƙoƙin, sai farkon na mahaifi ya haɗu da ƙarshen na mahaifiya, a samu kwafi na uku da ba a taɓa yin irinsa ba, kuma ba shafin da ya ɓace. Wannan musayar ita ce asalin sabon abu a gona.

Musayar kaɗan ce ƙwarai idan aka gwada da yawan karayar. Cikin 200 ɗin nan na Arabidopsis, wajen goma ne kawai ke zama musaya. Cikin 500 na masara, wajen ashirin. Akwai furotin masu tura gyara zuwa ga musaya, irin su MSH4 da MSH5 da HEI10 da MLH1 da MLH3, akwai kuma masu warware ta tun ba ta ƙullu ba, irin su FANCM da RECQ4 da FIGL1. Tsakanin waɗannan da waɗancan ake daidaitawa, har kowane tagwayen kuromosom su samu musaya aƙalla ɗaya, da wuya kuma su wuce uku. Ɗayar nan dole ce, domin ita ke riƙe tagwayen tare har lokacin rabuwa ya yi, kowanne ya nufi gefensa. An gwada an gani: tsiron da aka kashe masa SPO11 kuromosom ɗinsa ba su haɗuwa, sai su watse barkatai, da ƙyar ya yi ƴan ƙwayoyi. Wanda aka kashe masa RAD51 kuwa zai girma lafiya lau, ganye shar, amma idan lokacin haihuwa ya zo sai kuromosom su ragargaje, ko ƙwaya ɗaya ba za a samu ba. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa fari ko zafi mai tsanani a kwanakin da hatsi ya yi ciki ke yin ɓarnar da ruwan baya ba ya gyarawa.

Tun ba a san sunan ko ɗaya daga cikin furotin ɗin nan ba aka ga sawunsu. A 1931, a jami'ar Cornell ta Amurka, Barbara McClintock da Harriet Creighton suka yi aiki da wata masara da kuromosom ɗinta na tara ke da ƙulli a ɗaya daga bakunansa, wanda ake iya gani da madubin ƙara girma. Suka nuna cewa duk lokacin da halaye suka yi musaya a ƴaƴa, sassan kuromosom ɗin ma sun yi musaya a zahiri. Mata biyu da gonar masara da madubi da haƙuri, shi ke nan kayan aikinsu.

Daga Madarunfa zuwa Tarna, a bakin Maraɗi, ba wata tafiya ba ce. A nan tashar binciken noma take, wadda take ƙarƙashin INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, tun da aka kafa cibiyar a 1975, kuma a nan ne sana'ar zaɓen iri ta samu ƙarin hannu guda: ikon zaɓen uba. Dabarar ta dogara ne kan halin geron da na faɗa. Tun zangarniya na shirin leƙowa ake rufa mata jakar takarda a ɗaure bakin, don kada ƙurar kowa ta taɓa ta. Wadda aka zaɓa ta zama uba ita ma a rufe ta. Idan farin gashin uwar ya fito sosai, bununinta kuma bai fito ba tukuna, sai a je da safe, bayan raɓa ta ɗauke, a kaɗa jakar uban ƙura ta zuba ciki, a zare ta uwar da sauri, a kifa wannan a girgiza, a ɗaure, a rubuta sunan uwa da na uba da ranar. Idan an yi gaggawa gashin bai gama fitowa ba, rabin zangarniyar ba zai kama ba. Idan an yi jinkiri, ta yi wa kanta barbara a cikin jaka, an ɓata shekara. Babu agogon da ke faɗin lokacin, ido ne ke faɗi.

Na wake ya fi wannan wahala. Da yamma ake neman furen da zai buɗe gobe, a tsaga shi da ɗan matsefi mai tsini, a cire mazan nan goma ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ƙwarzani macen da ke tsakiyarsu ba, da safe a kawo ƙurar wani furen a shafa. Da yawa daga furannin da aka taɓa haka zubewa suke yi. Irin wake kamar TN5-78 da TN88-63, da manoman Nijar suka daɗe da sani, daga aikin INRAN suka fito.

Barbarar ma ita ce mai sauƙin. Wahalar tana zuwa ne a jikoki. Tun da musaya ɗaya ce ko biyu a kowane kuromosom, kuma a hatsi ta fi faɗawa wajen bakunan kuromosom ɗin ta ƙyale tsakiya, halayen da ke zaune kusa da juna ba su cika rabuwa ba. A ce mai bincike yana son saurin nuna daga wannan iri, da doguwar zangarniya daga wancan, sai ya tarar saurin nunan yana jan wani hali marar kyau a bayansa saboda maƙwabtaka. Ba shi da ikon gaya wa SPO11 inda zai yanka. Abin da yake iyawa shi ne ya shuka ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, ya bi su layi-layi cikin rana da littafinsa, har ya faɗa kan ƴan ƙalilan ɗin da musayar ta auku a daidai wurin da yake so. Shi ya sa fitar da sabon iri ke cin shekaru. Kuma da yake gero ba ya son auren dangi, yana rage ƙarfi idan aka matsa masa da barbarar kai, masu aikin sun fi karkata ga haɗa iri da yawa su bar su su cakuɗa, suna zaɓe zagaye bayan zagaye. Haka aka samu CIVT, haɗin da aka yi a Tarna. HKP an tace shi ne daga Haini Kire na ƙasar Zabarmawa don ya riƙa nuna da wuri. Zatib ya fito daga haɗin Zanfarwa da wani irin gargajiya. A 2018 kuma aka fitar da Chakti, tare da cibiyar ICRISAT mai tasha a Sadore kusa da Yamai, gero mai yawan sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Duk cikinsu babu wanda aka fara daga babu. Irin da kakanni suka yi ta warewa a gefen dami shi ne jarin.

Akwai hujja a rubuce cewa zaɓen manoma yana aiki. A 1976 masana sun zagaya ƙauyukan Nijar sun tattara irin gero sun adana. A 2003 aka koma waɗannan ƙauyuka aka sake tattarawa, sannan aka shuka tsohon da sabon gefe da gefe. Yves Vigouroux na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsa suka buga sakamakon a 2011. Sunayen irin ba su canza sosai ba, manoma na nan da abin da suka gada, amma geron 2003 ya fi saurin fid da kai, ya fi gajarta, zangarniyarsa ma ta ɗan ragu. Wani nau'in ƙwayar gado mai suna PHYC, da ke tafiya da saurin fure, ya kusa ninka yawansa. Tsakanin shekarun nan biyu akwai farin 1984 da damuna masu gajarta da suka biyo baya. Wanda ya nuna kafin ruwa ya ɗauke, shi ya cika ƙwaya, shi hannu ya kai gare shi, shi aka shuka baɗi. Cikin shekara 27 manoma suka juya geronsu ya bi sabon yanayi, ba tare da sun yar da irin gidansu ba. Da a ce geron duk ɗaya ne babu bambanci a cikinsa, da babu abin da za a zaɓa.

Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa tana shigo da abin da ba a so ma. Gero da danginsa na daji har yanzu suna barbarar juna, shekara fiye da 4,000 bayan an fara nomansa (tsofaffin shaidun suna kwarin Tilemsi a ƙasar Mali). Shibra ita ce ƴar wannan cuɗanya. Tana tsirowa cikin gero, tana kama da shi ƙwarai tun tana ƙarama, ta riga shi nuna, ta zubar da ƙwayarta ƙasa. Mai ido yana gane ta wajen cira da noman farko ya tuge ta. Wasu gidajen kuma suna barin kaɗan da sani, domin ita ke fara nuna a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma kusa da gonar iri ba a yi mata sassauci, kamar yadda masu noman iri na sayarwa ke nisanta gonarsu da sauran gero da ɗaruruwan mitoci, su kuma tuge duk tsiron da ya bambanta kafin ya yi bununi.

Yanzu masana sun fara sa hannu a cikin injin kansa. A 2012 ƙungiyar Raphaël Mercier a Versailles ta nuna cewa idan aka kashe FANCM a Arabidopsis musaya na ninkawa wajen sau uku, tsiron kuma yana haihuwa lafiya. A 2018 aka kashe RECQ4 da FIGL1 tare, ta ninka kusan sau takwas. A shekarar kuma aka nuna cewa kashe RECQ4 na ninka ta wajen sau uku a shinkafa da tumatir da waken Turawa. Ga mai fitar da iri, wannan na nufin halayen da suka manne da juna za su fi saurin rabuwa, layukan da zai bi su ragu. An kuma karanta gadon gero gaba ɗaya a 2017, an ƙirga ƙwayoyin gado wajen 38,000, don haka neman takwarorin waɗannan furotin a jikinsa ya zama abin da ake iyawa.

Wasu kuma akasin haka suke nema: a tsayar da musayar ɗungurungum. Idan aka kashe SPO11 tare da wasu ƙwayoyin gado biyu, REC8 da OSD1, tsiro zai fitar da ƙwan da ke ɗauke da gadon uwa cikakke ba a taɓa shi ba. Idan aka ƙara masa abin da zai sa ƙwan ya girma ba tare da barbara ba, ƴaƴa za su fito sak uwarsu. An yi irin haka a shinkafa a 2019, kuma a 2022 an kai inda fiye da kashi 95 cikin ɗari na ƙwayoyin ke fitowa haka. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da ke sa ƙwai girma shi kaɗai ma a jikin wata ciyawa ƴar uwar gero ta gabashin Afirka aka gano ta, aka gwada ta a gero a 2015 ta yi aiki. Amfanin a fili yake. Irin aure na kamfani, wanda sai an saya kowace shekara domin ƴaƴansa na watsewa, zai zama abin da manomi zai iya ajewa a rumbunsa ya shuka baɗi.

Ina murna da wannan, amma ina da sharaɗi. Indiya ta fitar da geron aure na farko a 1965, bisa wata uwa mai suna Tift 23A da aka samo daga Amurka. Amfanin gona ya tashi, gonaki masu yawa suka koma shuka iri kusan ɗaya. A 1971 cutar nan da ke mayar da zangarniya tarin ganye ta faɗa wa irin HB 3, ta same shi duk hali ɗaya, ta yi mummunar ɓarna. Cutar tana nan a gonakinmu, haka wuta-wuta da murzuna, kuma su ma suna cakuɗa nasu gadon kowace shekara. Gonar Zongo ko Zanfarwa ko Ankutas da kowane tsiro ya ɗan bambanta da na kusa da shi ba ta faɗuwa gaba ɗaya a rana guda. Don haka duk irin da za a kawo Madarunfa, ko na aure ne ko mai fitowa sak uwarsa, ya kamata ya zo ya zauna kusa da irin gida, kada ya kore shi. Ƙungiyoyin manoma irin su FUMA Gaskiya a Maraɗi sun riga sun saba gwada sababbin iri a gonakin membobinsu tare da masu bincike, maza da mata suna duba zangarniya, suna daka, suna dama fura su ɗanɗana kafin su ce wannan ya yi. Ɗaliban aikin gona na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke koyon sunayen furotin ɗin nan a aji, ya kamata a riƙa tura su irin waɗannan gonaki da kaka, su tsuguna kusa da mai zaɓen iri su tambaye shi dalilin da ya sa ya ɗauki wannan ya bar waccan, su rubuta amsar, sannan su roƙi ƴan zangarniyoyi daga kowane ƙauye a kai ma'ajiyar iri, kamar yadda aka yi a 1976.